Yatsana Ya Ƙi Rawa, Kuma Ana Yi wa Fiyolata Dariya

Tambaya:

Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne a Kassala, shekarata 21. Da yaƙi ya taso kawuna daga Omdurman, cikin 'yan kayan da ya iya fitowa da su har da wani akwati mai kamanja, wato gogen Turawa, a ciki, ya ba ni kyauta. Na fara koyo wurin wani ustaz, yau wata bakwai. Ranar farko ustaz ya duba ya ce wannan ba kamanja ba ce, fiyola ce, yayarta da ta ɗan fi ta girma. Tun daga nan abokan koyona suka sa ni gaba, wai fiyola kayan wanda kamanja ta kayar ne. Na biyu, ina son in iya fibrato, karkarwar nan da ke sa sauti ya yi kamar kuka. Ustaz ya ce in jira. Na kasa jira, ina gwadawa a ɓoye daga bidiyo, amma kayan gaba ɗaya ke girgiza, bakan da ake goga tsirkiya da shi na tsalle, wuyan hannuna kuma na ciwo. Kakata kuma ta ce goge dai goge ne, kayan 'yan bori. Baba, in sayar da fiyolar in sayi kamanja? Kuma yaya zan yi yatsana ya yi rawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kashe wutar wannan fitina, ya mayar da kawunka ɗakinsa lafiya.

Zan fara da hannun, domin cikin abubuwan da ka lissafa shi kaɗai ne ba ya jira. Gwajin nan na ɓoye, ka ajiye shi daga yau. Gajiya daban, ciwo daban. Gajiya, in ka sauke hannu ka yarfe, ta tafi. Ciwon da ke kwana da kai a wuyan hannu kuwa, ko wanda ke zuwa da yatsu suna mutuwa kana jin tsira-tsira, jijiya ce ke gaya maka an matsa mata. Ka ba hannun hutu na 'yan kwanaki. In ka dawo ka tarar yana nan, ka je wurin likita, kada ka tsaya shafa man zafi kana ci gaba.

Alamu ukun da ka faɗa, girgizar kayan, tsallen baka da ciwon hannu, duk uwarsu ɗaya: ka damƙe wuyan fiyolar da hannun hagu. Babban yatsa na dannawa ta gefe guda, gindin manuni na dannawa ta ɗaya gefen, wuyan ya maƙale a tsakani. Hannun da ya maƙale ba shi da inda zai motsa, to in ka tilasta masa sai ya ɗauki fiyolar dungurungum ya girgiza. Da ta girgiza, tsirkiya ta gudu daga ƙarƙashin baka, baka ya yi tsalle. Abin da kake yi yanzu makyarkyata ce ta tsokar da ta ƙage. Fibrato daga sakakkiyar tsoka yake fitowa.

Ka tsaya kusa da ustaz ka zuba wa yatsansa ido in yana yi. Kan yatsan ba ya barin wurin da ya taka. Mirginawa yake yi a kan tsokarsa, ya ɗan kwanta baya wajen kan fiyola, ya dawo ya miƙe, a bisa tsawon tsirkiya, ba a gicciye ba. Gaɓar ƙarshe, wadda ke kusa da farce, ita ke lanƙwashewa tana miƙewa. In ya kwanta baya, ɓangaren tsirkiyar da ke kaɗawa ya ɗan ƙara tsawo, sauti ya sauka kaɗan. In ya dawo, sauti ya koma mazauninsa. Wannan sauka da dawowa, sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa ɗaya, ita ce kunnenka ke ji kamar kuka. Kuma yatsan ba shi ke aikin ba, ɗaukarsa ake yi: ko hannu ya kaɗa daga wuyan hannu, ko sangali ya motsa daga gwiwar hannu.

Ustaz da ya ce ka jira, ba rowa yake yi maka ba. Fibrato kaɗawa ce a jikin sauti, sai akwai sautin tukuna. Wanda yatsansa bai san mazaunin sautin re ba, yanzu ya sauka sama anjima ƙasa, in ya ɗora karkarwa a kai ya toshe wa kunnensa hanyar gane kuskuren, kuma da shi zai girma. Man shanu ne a kan tuwo, yana ƙara wa mai kyau daɗi amma ba ya narkar da gudaji. Bayan haka, mafi yawan daɗin da kake ji a hannun manya, kana zaton daga hagu yake, daga hannun dama yake fitowa: nauyin baka, gudunsa, da inda yake bi tsakanin jaki, ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi, da baƙin allon da yatsu ke takawa. Ka roƙi ustaz ya ja maka baka ɗaya a kan tsirkiya ba tare da ya taka komai ba, kai ma ka ja, ka ji tazarar da ke tsakaninku. Babu fibrato a wurin ko kaɗan.

Sai dai ina da ja da malaman da kan ce wa ɗalibi "ba yanzu ba" su ja bakinsu su yi shiru. Baligi kamarka ya kamata a gaya masa me ake jira, in ba haka ba bidiyo zai koma, kamar yadda ka yi. Ana jira ne fiyolar ta iya zama tsakanin muƙamuƙinka da ƙashin wuyanka, hannun hagu a sauke, ba ka ɗage kafaɗa ba, ba ka cije haƙora ba. In ta ƙi zama, ka duba matokari. Na haɓa, wani makaɗin Jamus mai suna Louis Spohr ne ya ƙirƙiro shi wajen 1820, don hannun hagu ya huta da riƙo. Na kafaɗa kuwa in ba ka da shi, sabon soso na wanke-wanke, ka naɗe a ƙyalle, ka ɗaure a bayan fiyolar da roba, ya wadatar. Ana jira kuma ka iya ɗaga babban yatsanka daga wuyan ka mayar kana cikin kiɗa, sautin bai yanke ba.

Gwajin da na fi so shi ne wanda ido ma ke gani. Ka taka yatsa na uku, in an fara ƙirga daga manuni, a tsirkiyar sol, wurin da ke ba da do. In ya sauka daidai, ka dubi tsirkiyar do mai kauri da ke gefenta. Ba ka taɓa ta ba, amma za ka ga ta kama rawa da kanta har ta yi faɗi a ido, amon fiyolar ya cika, ka ji shi a muƙamuƙinka. Ka gusa yatsan ɗan kaɗan, rawar ta mutu. Haka yatsa na uku a kan re ke tayar da sol, na kan la ke tayar da re. Ranar da ka ga kana samun wannan amon fiye da yadda kake rasa shi, ba tare da lalube ba, ka isa ɗora fibrato a kan baka.

Kafin ranar akwai aikin yi, da zarar hannun ya warke, kuma na farkonsa ba ya ma bukatar fiyola. Ka sami kwalin ashana, ka bar 'yan tsinkaye kaɗan a ciki. Ka riƙe a hannun hagu, ka ɗaga hannun yadda kake ɗaga shi in za ka yi kiɗa, tafin na kallonka, ka riƙa kaɗawa daga wuyan hannu, nesa da kai, kusa da kai. Abin saurare shi ne ƙarar tsinkayen ta fito daidai wa daida: cak, cak, cak, cak. In ta fara hargitsewa, ko ka ji damtsenka ya yi tauri, ka tsaya. Minti 2 ko 3 ya isa, amma kullum, ko kana jiran shayi, ko kana zaune a raksha, keke mai ƙafa uku.

Daga nan sai fiyola a wuya, baka a ajiye. Ka jingina kanta da bango, da ƙyalle a tsakani don kada ta ƙuje, bango ya ɗauke maka nauyin. Ka haura da hannunka har gindin tafin ya taɓa jikinta. Wannan wurin, mazauni na uku zuwa na huɗu, ya fi sauƙin farawa, don jikin kayan na tokare hannun ya bar wuyan hannu kaɗai da aiki. Ka sa 'yar takarda mai laushi ƙarƙashin yatsa na biyu, kada ka danna, ka riƙa goge tsirkiyar sama da ƙasa da faɗi. Bayan 'yan kwanaki ka cire takardar, ka riƙa rage faɗin zamiyar, ka rage, ka rage, har yatsan ya tsaya wuri ɗaya amma hannun bai daina kaɗawa ba. A nan za ka ga gaɓar nan ta kusa da farce ta fara lanƙwasa da kanta. In ta ƙi, ko ka danna da yawa, ko farcenka ya yi tsawo. Gindin manuni kuma ya ɗan saki wuyan, a bar 'yar kafar da takarda za ta iya ratsawa.

Sannan ka kawo baka. A nan kowa ke rikicewa, don hannun dama na son kwaikwayon na hagu, wannan ya fara kaɗawa, wancan ma ya kama rawa. Maganinsa jinkiri. Ka sauke manhajar metronom, mai buga lokaci daidai wa daida, a waya, ka sa ta bugu 60 a minti. Baka ya yi doguwar tafiya a hankali, yatsa ya yi motsi 2 a kowane bugu, baya, gaba. Jiniya za ta fito, mummuna, kuma haka ake so. Ka zauna a nan sati ɗaya ko biyu, sannan motsi 3, sannan 4, sannan 6, har 8. Kada ka tsallake. Wanda ya yi tsalle daga 2 zuwa gudu, makyarkyatar nan ce za ta dawo masa, siririya mai sauri, kuma cire ta ya fi koyon sabo wuya. Yatsa na biyu da na uku suka fi saurin kamawa, manuni na da taurin kai, ɗan auta kuma shi ne na ƙarshe a wurin kowa, har manya. Aikin watanni ne, kuma a rarrabe yake zuwa: yau ya fito a yatsa ɗaya, gobe ya ɓace, jibi ya dawo. Duk wannan ka yi shi da sanin ustaz. Abin da idonsa zai gani a hannunka cikin minti ɗaya, bidiyo ba zai taɓa gani ba.

Wani abin da zai rage maka zafin nema: ba kullum aka ɗauki fibrato wajibi a kan kowane sauti ba. A 1756 mahaifin Mozart, Leopold, wanda malamin kamanja ne, ya yi ƙorafi a rubuce kan makaɗan da ke karkarwa a kowane sauti sai ka ce masu zazzaɓi. A wurinsa ado ne da ake sa wa dogon sauti. Fibrato marar yankewa da kunnenmu ya saba da shi, a farkon ƙarni na 20 ya bazu, kuma da sunan Fritz Kreisler aka fi haɗa shi.

A nan gida kuwa, kiɗan Sudan a kan sauti biyar yake tafiya, sullam humasi, kamar yawancin waƙoƙinmu na Hausa. Tazarar da ke tsakanin sautukan na da faɗi, makaɗan kamanja na nan sukan cike ta da zamiya, yatsa ya tashi daga sauti ya sulale zuwa na gaba. Ka zauna da tsofaffin waƙoƙin rediyon Omdurman, ka saurari hannun marigayi Muhammadiyya, gwanin kamanja, ka ware da kunnenka: ina ne fibrato, ina ne zamiya, ina ne baka kawai ya ƙara nauyi. Za ka tarar wani kaso na kukan da kake nema zamiya ce, ita kuwa ba ta da dogon jira. Masu goge da kukuma, irin su Garba Liyo da Ahmadu Doka, hanyarsu daban ce. Babu allo a ƙarƙashin tsirkiyar izga, taɓa ta kawai yatsa ke yi, kuma karkarwarsu yawanci ta yatsan gaba ce da ke bugawa yana ɗagawa da sauri, sauti biyu na musaya. In da wannan kunnenka ya tashi, ka kula kada ka kawo ta wurin fibrato. Kwalliya ce mai zaman kanta.

To, mu zo kan fiyola. Kada ka sayar.

Dariyar da abokanka ke yi gado suka ci daga Turai, kuma ta haura shekara 250. A 1752 Johann Quantz, malamin sarewa a fadar Sarki Frederick a Jamus, ya rubuta cewa an ɗauki fiyola abu marar muhimmanci, don sau da yawa sababbin shiga ake miƙa wa ita, ko waɗanda ba su yi fice a kamanja ba. Shi kuwa ya kawo maganar ne don ya nuna kuskure ce. Yadda abin ya faru, masu tsara kiɗa na zamanin sukan ba kamanja waƙar, su ba manyan kayan ƙasa gindin, a bar fiyola da cike gurbi a tsakiya. Kashi mai sauƙi sai a ba mai rauni. Mai rauni ya riƙe, masu tsarawa su ƙara sauƙaƙa kashin. Haka abin ya yi ta zagayawa har ya zama barkwanci.

Akwai kuma gaskiya guda a jikin kayan, ba zan ɓoye maka ba. Tsirkiyoyin kamanja su ne sol, re, la, mi. Na fiyola do, sol, re, la: sun yi tarayya a uku, ita ta rasa mi ta sama, ta sami do ta ƙasa. Jikin kamanja santimita 35 da rabi ne kusan ko'ina. Da za a sassaƙa fiyola daidai da zurfin muryarta, da jikinta ya haura santimita 50, babu hannun da zai kai. Sai aka yi sulhu, ana yin ta tsakanin 38 da 43. Ƙaramin jiki ke nan ɗauke da babbar murya. Shi ya sa sautinta ke da 'yar dishewa, ba ya tsaga ɗaki irin na kamanja, tsirkiyoyinta masu kauri kuma ba sa amsawa da wuri sai baka ya nutse da nauyin hannu. Wannan dishewar ake yi wa dariya, ita ce kuma waɗanda suka san fiyola ke so.

Bach, babban mai tsara kiɗa na Jamus, ya fi son zama da fiyola in ana kiɗan taro. Mozart ma haka, kuma a 1779 ya tsara babban kiɗan da kamanja da fiyola ke amsa wa juna babu babba babu ƙarami, har ya sa a ɗaure tsirkiyoyin fiyolar sama da rabin taki don ta ƙara haske. Beethoven yana saurayi ita yake kaɗawa a ƙungiyar fadar Bonn. Paganini, wanda har yau in ana maganar gwanintar kamanja shi ake fara kira, ya sami fiyola ƙirar Stradivari, shahararren masassaƙin Italiya, ya je ya roƙi Berlioz ya tsara masa abin da zai kaɗa da ita. Aikin ya fito a 1834. Paganini bai kaɗa ba, wai fiyolar ta cika yin shiru a ciki, amma da ya ji shi a 1838 sai ya aika wa Berlioz faran 20,000, kuɗin Faransa. William Primrose kuwa ya riga ya yi suna a kamanja kafin malaminsa Ysaÿe ya ba shi shawarar komawa fiyola. In abokanka sun sake tayar da maganar, ba sai ka yi musu lacca ba. Ka taya su dariyar. Dama masu fiyola su suka fi kowa iya ba da irin wannan barkwancin.

Abin da ya fi tarihin nan amfani gare ka shi ne abin da ke faruwa a wurin hafla, wato bikin kiɗa. Masu kamanja sukan jeru su uku su huɗu, duk suna bin layi ɗaya da mawaƙi. Na biyar ba abin da zai ƙara sai ƙara. Kai kuwa in ka bi layin nan ta ƙasa, su suna jawab, muryar sama, kana garar, muryar ƙasa, kamar yadda makaɗan nan ke cewa, sautin ƙungiyar gaba ɗaya zai yi kauri, don muryar fiyola a inda muryar namiji ke zaune take. Mai kamanja ba wuyar samu. Mai fiyolar da kunnensa ya daidaita, sai an nema.

Inda waƙa ta hau ta nemi tsirkiyar mi da ba ka da ita, ko ka sauko ƙasa, ko ka hau mazauni na uku a kan la, wanda dama za ka saba da shi wajen atisayen bango. Kada wani ya ruɗe ka ka ɗaura mata tsirkiyoyin kamanja. Tsawon ba ɗaya ba ne, mi na iya tsinkewa tun ba ta kai mazauninta ba, kuma kusa da idonka. Rubutun kiɗanta ma da nasa mabuɗin, na do a layin tsakiya, ka sa ustaz ya fara nuna maka tun idonka bai kafe a kan na sol ba. Fibraton fiyola ya fi na kamanja faɗi da ɗan jinkiri, kuma masu ita da yawa daga gwiwar hannu suke ɗauko shi. In na wuyan hannu ya ƙi, na gwiwa ya zo da sauƙi, ka bi wanda ya zo. Duk abin da ka koya a nan, ranar da ka ɗauki kamanja yana hannunka.

Abu ɗaya ne zai sa in sassauta maganar: girma. Ka auna bayanta da tef ɗin tela, jikin kawai ban da wuya. Sannan ka sa ta a wuya ka miƙa hannun hagu. In tafinka ya naɗe kanta, gwiwar hannu da 'yar lanƙwasa, girmanka ce. In da ƙyar yatsunka ke taɓo kan, awon kuma ya kai 42 ko 43, to wani kaso na ciwon nan daga nan yake. Lionel Tertis na Ingila, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen fito da fiyola gaban dandali, mai santimita 43 da ɗoriya ya riƙe shekara da shekaru. Ciwon hannu ya dakatar da shi a shekarun 1930, kuma ya zauna da wani masassaƙi suka fitar da samfuri mai ɗan dama-dama. Ko a wannan halin musanya za ka nema da ƙaramar fiyola, kuma sai ka shawarci kawunka tukuna. Mutumin da ya bar gidansa da abin da hannu zai iya ɗauka, ya sa wannan akwatin a ciki, ba a sayar da kyautarsa a bayan idonsa.

Tunda za ta zauna, ka kula da ita. Zafin Kassala da bushewar rani ba sa raga wa katako: kada ka bar ta a rana ko a rufaffiyar mota, manni na saki, katako na tsagewa. Ka goge gumi da ƙurar galafoniya, ƙaron da ake shafa wa gashin baka, bayan kowane zama, ka sassauta gashin baka. In za ka canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya. In ka kwance duka lokaci guda jaki zai faɗi, 'yar sandar da ke tsaye a cikinta ma na iya faɗuwa, tayar da ita kuwa sai gwani. Tsirkiyar fiyola ta fi ta kamanja wuyar samu, musamman do. Duk wanda ka ji zai zo daga Alƙahira, ka ba shi saƙo ya leƙa titin Muhammad Ali inda shagunan kayan kiɗa suke, ka rubuta masa sunan kayan da awon jikin a takarda, kada ya dawo maka da na kamanja.

Maganar Kaka kuma, ba daga sama ta ɗauko ta ba. A ƙasar Hausa goge ya daɗe a wurin bori da gidajen da mutumin kirki ba ya so a gan shi, kuma kakanninmu da suka nufo gabas, wasu kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, da wannan kallon suka zo. Ba kai ka fara gamuwa da shi ba. A nan Kassala aka haifi A'isha Fallatiya, 'yar malami, iyayenta daga Sakkwato, kuma ta sha suka kafin ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Amma kada ka je wa Kaka da wannan a matsayin hujja, ba a kayar da tsohuwa a muhawara a zauna lafiya. Batun halacci ka kai wa malamin da gidanku ya yarda da shi. Abin da ke hannunka shi ne kada kayan nan su taɓa shiga tsakaninka da salla, ko aike, ko barcin mutane. Ka maƙala abin maƙale shanya na katako guda biyu a kan jaki, sautin zai ragu sosai, jiniyar nan ta atisaye ba za ta cika tsakar gida ba. Kwalin ashana kuwa ko a gabanta ka kaɗa babu laifi, sai dai ka sayi naka, kada ka ɗauko mata na madafa.